Ɗiyata ta kafe sai sosiyoloji: ina ake aiki da shi, kuma ana cin abinci da shi?

Baban Hadiza, Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake saidawa a babbar kasuwar Maraɗi, karatuna na lakwal bai wuce aji shida ba. Ɗiyata ta fari, Hadiza, ta ci bak bana, seri A4, ɓangaren adabi. Ni da uwarta mun so ta shiga makarantar lafiya nan cikin gari, shekara uku ta fito unguwarzoma tana gabanmu, in miji ya fito a yi. Ita ko ta kafe sai Yamai, sai sosiyoloji. Na ce mene ne shi? Ta ce nazarin zaman jama'a ne, wai tana so ta gane abin da ya sa garin alhazai, jihar da ke noma hatsin da ƙasa ke ci, ita ce kuma kowace damina ke cika asibiti da yara masu tamowa. Maganar ta yi mini daɗi a kunne, amma daɗin magana ba ya biyan haya.

Wanda ya gama wannan karatu, ina yake aiki? Wa ke biyan shi? Kuma mace za ta iya riƙe shi tare da aure? Don Allah wanda ya san abin daga ciki ya amsa mini, ban son ta "an ce".

Mai lisans a kan kabu-kabu

Wa alaikumus salam Baba. Ni na yi shi a Yamai, lisans gare ni, takardar tana cikin akwatin tsohuwata. Yanzu haka da nake rubuto maka ina bakin tasha ina jiran fasinja.

Aikin da aka fi samu da lisans shi ne anketi. Porje ko ONG ta yi kira, a tara ku a koya muku tambayoyi, a ba kowa tabilet mai manhajar tambayoyi ta KoboCollect, a zuba ku a mota zuwa Dakoro ko Mayahi ko Tasawa. Ka shiga gida ka tambayi maigida sau nawa aka ɗora tukunya jiya, awaki nawa, dami nawa ya rage a rumbu, ka latsa ka wuce gida na gaba. Ana iya ba ka jikka 10 ko 15 a yini, sai ka ga kamar kakarka ta yanke saƙa. Mako biyu aiki ya ƙare, ka yi watanni ba wanda ya neme ka. Da ma can haka abin yake, to tun juyin mulkin Yulin 2023 porje da yawa suka naɗe tabarma, a 2025 kuma Amurka ta datse kuɗin agajinta, kiran ya ƙara nisa. Abokan karatuna wasu na kwantiragin koyarwa a kolejojin ƙauye, wasu sun yi arewa, ɗaya na saida waya a Kano.

Ba zagin karatun nake ba, ya buɗe mini ido. Amma in ƙanwata ce, lafiya zan tura ta.

Ƴar Mokoyo

Alhaji, barka da arziki, Allah ya sa albarka a wannan bak. Abin da ƙanena ya faɗa a sama gaskiya ne, ban cire ko harafi ba. Sai dai labarin mai lisans ya ba ka. Ni da wannan aiki nake ci tun ina budurwa, yau ɗiyata ta kusa kai Hadiza, to bari in ba ka nawa.

Karatun a takarda haka yake: lisans shekara 3, masta 2, dakta 3. A aikace yakan wuce haka, saboda yajin aiki da shekarar karatu da ke shiga cikin wata. Tsohon sashen yana Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Tamu ta gida, Ɗan Dikko Ɗankulodo, ƙarfinta a noma da kimiyya da lafiya yake. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, mai lisans tambayar da wani ya tsara yake kaiwa ƙauye. Mai masta shi ke tsara tambayar, shi ke karanta amsoshin, shi ke rubuta rapor ya sa sunansa. Kuɗin ma a nan suke rabuwa. In ba ka shirya ɗaukar nauyinta har masta ba, ka ji shawarar ƙanena ka kai ta lafiya.

Wuraren aikin: hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS, ma'aikatun lafiya da na mata da yara, kwamitocin filaye da aka kafa bayan dokar karkara ta 1993, cibiyar bincike ta IRSH wadda ke da reshe nan Maraɗi, wata cibiyar binciken zaman jama'a mai suna LASDEL da aka buɗe a Yamai a 2001, sai porje, sai koyarwa. Gwamnati ba kullum take ɗauka ba, mafi yawanmu sai mun yi sabis sibik, wato bautar ƙasa, na shekara biyu, daga nan kwantiragi bayan kwantiragi. Akwai shekarar da na sayi fili, akwai shekarar da albashin maigidana kawai muka ci.

Amma ka tambayi aikin, to bari in nuna maka shi da kansa.

Wata porje, ba sai na faɗi sunanta ba, ta kawo irin wake mai saurin nuna don mata a wasu ƙauyuka kudu da Maraɗi, hanyar Madarunfa. Mata ba su zo karɓa ba. Aka tura ƴan anketi. "Kina noma?" A'a. "Me ya sa?" Maigida bai yarda ba, ina kulle. Aka latsa, aka tara, rapor ya fito: al'ada da addini sun hana mata noma, a ƙara wayar da kai. Da aka kira ni, na ce a bar ni in zauna a garin. Aka sauke ni ɗakin wata tsohuwa, tabarma ɗaya muke kwana, da asuba in bi ta rijiya. Ban fito da takarda ba sai da ta daina kirana baƙuwa. Wata rana da la'asar ta ce in taso ta nuna mini gamanarta, wato ɗan yankin gona da maigida ke yanka wa mace ta noma na kanta. Muka fita bayan gari, tana tafe tana nuna iyaka da sandarta, ga layin gamba, ga wata tsohuwar kalgo. Daga nan zuwa can duk nata ne da, gyaɗa da riɗi da kuɓewa take zubawa, da su ta sayi akuyarta ta fari, da su ta yi wa ɗiyanta mata kayan ɗaki. Da babban ɗan gidan ya yi aure maigida ya yanke rabi ya ba shi. Na biyu ya yi aure aka sake yankewa. Inda muka tsaya, ɗakin jikanta ne aka gina a kai. Surukanta uku, ba wadda ta taɓa riƙe hauya. Na ce, Inna, to kullen fa? Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce a zamaninta matan liman da na mai gari kawai ake kullewa, yanzu ko wanda bai da jaki ya ce matarsa na kulle.

Ka ga abin da ke ƙasa. Gona ce babu. Namiji ya ce "matata tana kulle" ya fi masa mutunci a majalisa da ya ce "ban da abin da zan yanka mata". Ƙidayar 2001 ta samu mutum miliyan 2.2 a jihar Maraɗi, ta 2012 ta samu miliyan 3.4, ƙasar noma ko ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba, a kudu an daɗe da daina barin gona ta huta. Ba ni na fara ganin wannan ba, Marthe Diarra da Marie Monimart sun rubuta a kansa tun shekarun 2000, har da misalin Jiratawa. Kuma ka bi zaren ka ga inda ya kai. Gamana ita ke ciyar da yara in an rufe rumbun gandu da rani maigida ya tafi ci-rani. Da ta tafi, sai mace ta koma ƙuli-ƙuli da fura da tuwon saidawa daga cikin gida. Wa zai kai mata kasuwa? Ɗiyarta. Yarinyar da ke talla ba ta zama aji, kuma uban da ke ganin ɗiyarsa kullum a bakin tasha da tire a ka ba ya samun barci sai ya ɗaura mata aure. Wasu matan kuma suka gane wata hanya, suka fara zuwa gaban sarki da alƙali suna neman gadonsu na gona kamar yadda shari'a ta yanka, rabin na namiji, abin da iyayensu mata ke jin kunyar tambaya. Wato addinin da rapor ya ɗora wa laifi, shi ne ma matan suka kama.

Tambayar Hadiza kan tamowa ma nan ta dosa. A 2005, shekarar da duniya ta ga yaran Maraɗi a talabijin a cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF, hatsi bai ƙare a kasuwa ba. Tsada ya yi, buhu ya kai wajen jikka 30 a wasu kasuwanni. Talaka ya sayar da nasa da araha da kaka don biyan bashi, ya dawo yana sayen tiya da tsada da damina, yana barema a gonar mai hali lokacin da tasa ke neman noma, ƙarshe ya jinginar da gonar. Wanda ya karɓi jinginar sau da yawa ɗan birni ne. Wannan bin zare, daga rumbu zuwa kasuwa zuwa asibiti, shi ne sana'armu. Kuma ba talakawa kawai ake nazari ba. Alhaji, ku ma an yi naku: Emmanuel Grégoire ya fitar da littafi kan alhazan Maraɗi a 1986, yadda dukiyarsu ta taso daga cinikin gyaɗa ta koma fiton kaya zuwa Nijeriya, da yadda ubangida ke tara barori ya ɗaga wanda ya so.

Maganar aure. Kasancewarta mace jari ne a wannan aiki, don namiji iyakarsa zaure, ita ko har ƙuryar ɗaki, kuma Hausa a bakinta take ba ta neman tafinta. Na sha zuwa ƙauye da goyo, kuma ba abin da ke buɗe bakin mata kamar su ga yaro a bayanki. Amma aikin tafiya ne, akwai kwana a waje, akwai dawowa da zazzaɓi. Tun wajen 2019 kuma ɓarayin daji sun sa wasu ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji ba a kwana cikinsu. Sai mijin da ya san haka tun kafin a shafa fatiha. Na ga abokan aiki da aure ya zaunar, na ga waɗanda suka koma buro ko aji suka ci gaba.

Tsohon malamin gona, Tibiri

Ɗiyata Ƴar Mokoyo, kin iya magana, Allah ya ƙara basira. Ni na yi aiki a Porjen Maraɗi tun ƙarshen shekarun 1970, na raka turawa da ɗalibansu ƙauye ƙauye, ni ke riƙe musu igiyar awon gona. Tambayar da aka yi wa ubana ita aka yi mini, ita ake yi wa ɗana yau da tabilet. An rubuta da Faransanci, an kai Yamai da Bordo, wasu sun zama farfesoshi da yunwarmu. Wanda aka tambaya ko bai taɓa jin abin da aka rubuta a kansa ba. Ina amfanin?

Na biyu, duk rapor da ya fito sai an ce aurenmu ne matsala, haihuwarmu ce matsala. Ina tsoron a kai yarinya Yamai ta dawo tana ganin iyayenta su ne cutar.

Ƴar Mokoyo

Baba, ina gaisuwa. Ta farkon ba ni da abin kare ta. Rapor da yawa a cikin durowa suke mutuwa, kuma mai bincike ba shi ke riƙe da jakar kuɗi ba, yana iya rubuta gaskiya mai porje ya karanta shafin farko ya ajiye. Ni abin da na ɗora wa kaina, ban barin gari sai na tara waɗanda na tambaya, maza daban mata daban, na maida musu abin da na fahimta da Hausa. Sukan gyara mini, wani lokaci da faɗa.

Amma akwai inda sauraro ya yi rana. Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusun mata da ONG ɗin CARE ta fara nan jihar Maraɗi a 1991, ba daga waje aka kawo wa mata asusu ba. Adashin da suka iya tun kakanni aka duba, aka ƙara masa akwati da bashi mai ɗan riba da rabo a ƙarshen zagaye. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama, kuma ƙungiyoyin na ci gaba ko porje ta tafi. A shekarar nan dai ta 1991 aka yi kisan Toda, wani ƙauye nan jihar Maraɗi, mutum sama da 100 suka mutu a rikicin manoma da makiyaya. Wanda zai zauna a kwamitin filaye ya shata burtali, in bai san wa ya ara wa wa ƙasa ba, da wa ke da rijiya, da abin da kakanni suka yi alkawari, fitina zai shata.

Ta biyun kuma, Baba, ai misalin da na bayar a sama kishiyar abin da kake tsoro ne. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 a Nijar an yi musu aure kafin shekara 18, a Maraɗi kusan 9 cikin 10. Wannan lissafi ne, ba zagi ba. Malalacin mai bincike zai tsaya nan ya ce al'ada. Na ƙwarai zai tambaya: kolej mafi kusa kilomita nawa ne? Yarinya in ta ci jarrabawa gidan wa za a sauke ta a wani gari, wa zai ciyar da ita, wa zai tsare ta? Na zauna da iyaye maza da yawa waɗanda ba karatun suke ƙi ba, masaukin suke tsoro. Shi ya sa nake ganin maganar makarantun kwana na ƴan mata da aka tayar a 2021 ta fi kusa da ciwon bisa ga tarukan wayar da kai a otel. Ɗiyar da ta koyi aikin da kyau ba raina iyayenta za ta yi ba, ita ce za ta iya tashi a taro ta ce wa baƙo bai fahimce su ba, da hujja a hannu.

Mai lisans a kan kabu-kabu

Tanti, kin tuna mini wani abu. An taɓa tura mu bin sawun kuɗin tallafi da ake raba wa mata. An zaɓi gidajen da aka ce su ne matalauta na ƙarshe, sunan mace ke kan kati, da rana ta sa yatsa ta karɓa aka ɗauki hoto. Motarmu ta lalace muka kwana a garin. Bayan isha sai na ga mata na shiga gidan mai gari ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowace na maido wani kaso, a haɗa a raba wa gidajen da ba su fito a lis ba, sauran kuma maigida ya karɓa ya sayo hatsi. Wani dattijo ya ce mini, in ka ci kai kaɗai bana, baɗi da sunanka bai fito ba wa zai dube ka? Da safe na buɗe tabilet, tambayar ita ce "wa ke yanke shawara kan kuɗin?" Zaɓi uku: mata, miji, su biyu. Ba gurbin abin da na gani.

Ƴar Mokoyo

Ƙanena, wannan da ka gani masu binciken LASDEL sun yi rubutu a kansa wajen 2013 da 2014, ka nemi rahotanninsu, kyauta suke a intanet. Kai kuma ka gan shi da idonka cikin dare, abin da mai zuwa da rana ba ya gani. Maudu'in masta ne sukutum. Ka rubuta shi shafi biyu ka turo mini ta akwatin saƙo, in ga ko akwai malamin da zai karɓe ka.

Alhaji, kai kuma ga gwaji mai araha kafin ka kashe ko dala. Ka zaunar da Hadiza a shagonka wannan hutu da littafi da biro. Kada ta rubuta sunan kowa. Ta lura da masu sayen kayan aure: wa ke biya lakadan, wa ke karɓa bashi, turmi nawa, wace irin atamfa, uwar amarya daga ina ta haɗo kuɗin, akuya ta sayar ko adashi ta kwasa ko bikin da ta zuba wa ƙawaye shekara da shekaru ne ya dawo mata ninki. Wani mai bincike Bafaranshe, Guy Nicolas, ya yi shekaru yana nazarin wannan biki da kyaute-kyaute a kwarin Maraɗi, kai ko kana ganinsa kullum daga bayan kanta. In ta iya zama yini guda tana sauraro ba ta katse mutane ba, da dare kuma ta rubuta shafi biyu masu ma'ana da Faransanci mai tsabta, to ta dace da aikin. In kwana kaɗan ta gaji ta koma waya, ka samu amsarka. Ta kuma fara Ingilishi tun yanzu, da lissafin ƙididdiga, don ƴan A4 gudunsa suke, kuma shi ke raba masu samun aiki da masu jira.

Baban Hadiza, Sabon Gari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya da Baba da ɗana mai babur. Na karanta mata duka, uwarta ma ta ji. Gobe za ta fara zaman shago, na ce mata littafin bashi dai ba za ta taɓa mini ba. Uwarta har yanzu tana kan lafiya, kuma ba a gama wannan magana ba a gida.

Saura abu biyu. Yamai nisa, kusan kilomita 660, kuma ba mu da kowa can sai wani abokin ciniki. Yaya maganar wurin kwanan ɗalibai mata, kuma burs ana samu?

Mai lisans a kan kabu-kabu

Baba, burs ta hannun hukumar gwamnati ta ANAB take, ana duba makin bak da shekarun yarinya, sai ta haɗa takardu da wuri. Ko ta samu kada ka dogara da ita, takan yi watanni ba ta fito ba, ka shirya aika mata na abinci duk wata. Ɗakunan site, wato wurin kwanan ɗalibai na jami'a, ba su isa, sabbin ɗalibai sukan haɗu su kama haya a Harobanda kusa da jami'a, ko su raɓa da wata babba ƴar garinsu. Ɗaliban Maraɗi suna da haɗin kai can, in ta tashi tafiya zan haɗa ta da ƙanwar abokina da ke shekara ta uku. Ka kuma tambayi Damagaram kafin ka yanke, jami'ar can tana da tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam, kuma tafiyar ba ta kai rabin ta Yamai ba.